Mutuwar Buhari da Kisan Gajigi: Shin Sauyin Shugaba Yana Kashe Wutar Yaƙi?

Titin Zariya ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya yi kudu, Titin Maiduguri kuma ya keta ƙasar Tarauni ya bi ta Hotoro da Mariri ya nufi Wudil. A majalisun da ke bakin waɗannan tituna, wajen mai shayi da ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, duk lokacin da aka taɓo labarin wani yaƙi, ko na Yukiren, ko na Sudan, ko na dajin Zamfara, ba a rasa mai cewa da wane zai mutu ko a tumɓuke shi, da an huta. Magana ce mai daɗin ji, domin tana tattara bala'in dubban mutane ta ɗora a wuyan mutum guda, shi kuwa mutum guda kowa ya san yana da ranar tafiya.

Waɗannan unguwanni suna da hakkin yin tambayar fiye da cikin birni. A ƙarni na 19 suna bayan badala ne, cikin karkarar gonaki da ƙauyuka, kuma idan mahara suka tunkaro Kano, mai gona a waje shi ke fara ɗanɗanawa kafin a rufe ƙofofin gari. Hanyar da motoci ke bi yau zuwa Wudil da Takai da Birnin Kudu ta nufi ɓangaren da ya fi kowane shan hari a wancan ƙarni. Cikin shekara hamsin da 'yan kai, daga wajen 1848 zuwa 1903, ƙasar Kano ta sha farmaki daga Haɗeja, da Ningi, da Damagaram, ta kuma yi yaƙin basasarta. A kowannensu an yi sauyin shugaba ana tsakiyar rikici, amma sakamakon ya sha bamban. A cikin wannan bambanci amsar take.

Haɗeja: yaƙin da aka binne tare da mai shi

Buhari ɗan Sambo ya hau sarautar Haɗeja a wajen 1848. Bai daɗe ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo, ɗan'uwansa na jini, wanda yake ganin zai iya ja da shi. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ya aiko Wazirinsa Abdulƙadir, aka tuɓe Buhari, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ja da baya zuwa iyakar Barno, ya sami ɗaurin gindi daga can, ya tara mayaƙa, ya komo ya ƙwace Haɗeja, aka kashe Ahmadu.

Sakkwato ba ta iya haɗiye wannan ba. Aka tara runduna daga masarautun gabas, ciki har da ta Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarki Abdullahi Maje Karofi. A wajen 1853 aka gamu a Kafur, kusa da Haɗeja, Buhari ya shammace su ya tarwatsa su, suka watse suka bar dawaki da kaya. Daga ranar babu wanda ya sake iya taka masa birki. Shekara goma yana kai hari ƙasar Katagum da gabashin ƙasar Kano, yana ƙone garuruwa, yana kama mutane ana sayarwa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya bi ta yankin a 1851 ya sake bi a 1854, ya rubuta irin kufan da ya tarar da kuma fargabar da sunan Buhari ke jefa matafiya.

A 1863 Buhari ya kai yaƙi Gogaram, babban birnin Bade, ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Ɗansa Umaru ya gaje shi, kuma ba a ɗauki lokaci ba Haɗeja ta koma ƙarƙashin tutar Sakkwato. Bayan shekara biyu aka kawar da Umaru, Haruna ɗan'uwan Buhari ya hau, ya yi kusan shekara ashirin a kan gado, tawayen kuwa bai dawo ba. Haɗeja ba ta rataye takobi ba, ta ci gaba da faɗan iyaka da maƙwabta kamar kowace masarauta ta zamanin, amma babban yaƙin da ya hana gabashin Kano barci ya mutu da mutuwar mai shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rikicin ya ginu ne a kan laifin mutum ɗaya wanda ba shi da hanyar komawa. Ya zubar da jinin Sarkin Auyo, ya kashe wanda Sarkin Musulmi ya naɗa, ya kunyata Waziri a fagen fama. Sulhu a wurinsa yana nufin tuɓewa, mai yiwuwa har da rasa rai, don haka ci gaba da yaƙi ya fi masa sauƙi. Magadansa ba su ɗauke da wannan kaya. Abin da suke bukata shi ne a tabbatar musu da sarautar gidansu, Sakkwato kuwa a shirye take ta bayar. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: ɗaya ɓangaren ma ya sauya. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda aka yi wa cin fuskar, ya rasu tun 1859. Sa'ad da aka zo sasantawa, babu ko ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙulla gabar da ke raye.

Ningi: yaƙin da ya ci sarkin da ya nemi sulhu

Labarin kudu maso gabas ya bi wata hanya dabam, kuma tushensa yana kusa da Tarauni ƙwarai. A wajen 1846 wani malami mai suna Hamza, mutumin Tsakuwa ta ƙasar Dawakin Kudu, ya saɓa da hukumar Kano a kan haraji. Ya tashi da almajiransa da wasu malamai, suka shige duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da suka daɗe suna shan harin masarautun da ke kewaye da su. Malaman suka haɗa kan waɗannan ƙabilu, suka mayar da masu gudun hari suka zama masu kai shi.

An kashe Malam Hamza tun cikin shekarun farko. Da yaƙin nasa ne shi kaɗai, da a nan ya tsaya. Sai ga shi bayan Hamza an yi Ahmadu, an yi Abubakar Ɗan Maje, wanda a zamaninsa harin ya yi tsananin da Sarki Abdullahi Maje Karofi ya riƙa fita da kansa yana daɗewa a sansani, yana ƙarfafa garuruwan ribaɗi irin su Takai. Ɗan Maje ya wuce, Haruna Ƙarami ya hau a wajen 1870, aka ɗora daga inda aka tsaya, ana kai wa ƙasar Kano, da Bauchi, da Zazzau. A Kano ma sarakuna suna ta wucewa: Usman, Abdullahi, Bello. Sunaye suna sauyawa a ɓangarorin biyu, manomin Rano da na Birnin Kudu kuwa bai ga abin da ya sauya ba.

Sai aka zo kan Gajigi, wanda ya gaji Haruna Ƙarami a wajen 1886. Kamar yadda masanin tarihi Adell Patton, wanda ya yi bincike a kan Ningi a shekarun 1970, ya bayyana, Gajigi ya karkata ga zaman amana da masarautun da ke kewaye, ya so a rage hari. Bai yi shekara huɗu ba aka kashe shi, Usman Ɗan Yaya ya hau, dawaki suka sake fita. Ba a rufe wannan babi ba sai a 1902, shekarar da sojan Ingila suka iso yankin, kuma a cikinta Ɗan Yaya ya rasa ransa.

Ga shi an sami ainihin abin da masu majalisa ke fata, wato sabon shugaba mai son zaman lafiya, amma bai tsinana komai ba. Dalili shi ne a Ningi hari ya riga ya zama abincin gwamnati. Ƙasa ce ta duwatsu, ba ta da babbar kasuwa irin Kurmi, ba ta da masaƙa da marina da za a karɓi haraji a hannunsu. Da ganima ake sayen doki, da ita ake saka wa barde, da ita ake riƙe ƙabilun da ba harshe ɗaya suke yi ba. Duk sarkin da ya ce a daina, ya taɓa tukunyar waɗanda ke tsaron ƙofarsa. Akwai kuma tsoro na gaskiya, domin mutanen duwatsun sun san abin da ya same su kafin su yi ƙarfi, ba su kuma da tabbacin cewa idan sun sauke baka ba za a komo a kwashe su ba. Gajigi ya gaji kujera, amma yaƙin yana hannun waɗanda ke ci daga gare shi.

Yusufu a Garko, Ahmadu a Damagaram

Yaƙin basasar Kano ba na mamaya ba ne, rikicin gado ne a cikin gida ɗaya, amma ya ƙara haske a kan wannan batu. Da Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya fice da 'yan'uwansa da bayin gidan ubansa, suka bi ta Wudil suka kafa sansani a Takai, garin da ya sani tun zamanin faɗa da Ningi. A 1894, tun ba a ci birni ba, Yusufu ya rasu a Garko. Ana iya zaton tafiyar za ta watse. Ba ta watse ba: nan take aka yi wa ƙanensa Aliyu Babba mubaya'a, cikin 'yan watanni ya shiga Kano, a watan Maris na 1895 kuma aka ci Tukur a Tafashiya. Waɗanda suka bi Yusufu mutane ne da aka raba da sarautunsu da gidajensu a zamanin Bello, sun kuma san abin da ke jiransu idan suka koma hannu rabbana. Bukatarsu ba ta mutu da jagoransu ba.

Na Damagaram ya fi kama da abin da ake kira yaƙin mamaya a yau. Tun zamanin Sarki Tanimun, Zinder ta tara bindigogi har tana ƙera igwa. Ɗansa Ahmadu, wanda ake wa laƙabi da Kuran Daga, ya hau a 1893, kuma a ƙarshen shekarun 1890 ya shigo ƙasar Kano da runduna, aka gwabza a wurare irin su Gezawa da Tattarawa, tafiyar yini ko ƙasa da haka daga badala. Wannan yaƙi ya ƙare da sauyin shugaba, sai dai ba mutanen Zinder ne suka yi sauyin ba. A 1898 an kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder. A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, bayan 'yan makonni suka kashe Ahmadu, suka naɗa wanda suke so. Kano ta huta da barazanar arewa, amma hutun bai cika shekara huɗu ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwa suka shiga birni. Wanda ya isa ya cire maka maƙiyi da ƙarfin tsiya, yawanci ya isa ya zauna a mazauninsa.

Abin da tarihin wasu ƙasashe ya ƙara

Irin wannan rabuwar ana samunta a nesa. A watan Janairu na 1762 Sarauniya Elizabeth ta Rasha ta mutu ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, sa'ad da sojanta suka kusa gamawa da Sarki Frederick na Furushiya. Magajinta Peter na Uku, mai sha'awar Frederick, ya janye ya yi sulhu cikin 'yan watanni. An hamɓarar da shi a wannan shekarar, amma matarsa Catherine da ta karɓi mulki ba ta koma yaƙin ba, domin baitulmali ya riga ya gaji. A Koriya an fara zaman sulhu tun Yulin 1951, aka yi ta ja-in-ja kusan shekara biyu. Stalin ya mutu ranar 5 ga Maris 1953, aka sa hannu a kan tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli. Fagen fama ya daɗe da cijewa, kowa ya san ba mai cin wani, mutuwar ta cire ƙaya ta ƙarshe ce kawai.

A Fotugal, ranar 25 ga Afrilu 1974, ƙananan hafsoshi suka kifar da gwamnati bayan shekara goma sha uku ana yaƙi don riƙe Angola da Gini Bisau da Mozambik. Kafin ƙarshen 1975 duk ƙasashen sun sami 'yanci. A nan masu riƙe da bindigar ne da kansu suka ƙosa, wato akasin Ningi ke nan. Shi ma Salazar, wanda ya fara yaƙin, ya bar mulki tun 1968, magajinsa Caetano ya ci gaba da shi shekara shida, saboda tsarin da ya ɗora shi bai sauya ba.

Rasha ta 1917 ta nuna ɗaya fuskar. Sarki Nicholas na Biyu ya sauka a watan Maris, gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙi fita daga Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda alkawarin da ke tsakaninta da Ingila da Faransa, har ta sake kai farmaki da bazara. Kafin shekara ta ƙare ita ma an kifar da ita, waɗanda suka zo bayanta suka sayi sulhu da tsada a Brest-Litovsk a watan Maris na 1918, da sallama ƙasa mai faɗin gaske.

Tambayoyi uku kafin a yi murna

Idan aka jera waɗannan labarai, sai a ga sauyin shugaba ƙofa ce da ke buɗewa, wucewa ta cikinta kuwa ya dogara da wasu abubuwa uku.

Na farko, yaƙin na wane ne? Idan ya tsaya a kan girman kai, ko laifi, ko tsoron mutum ɗaya, kamar na Buhari, to magaji yana iya cewa ba shi ya kashe zomon ba, ya ajiye ratayar. Wannan ita ce babbar fa'idar sabon shugaba: yana iya ja da baya ba tare da ya ƙaryata kansa ba. Idan kuwa jama'a mai yawa ce ta ɗauki yaƙin a matsayin hakkinta, kamar Yusufawa, to za ta naɗa wani kafin a share makoki.

Na biyu, su wa ke ci daga yaƙin, kuma su ne ke naɗa sarki? Sabon shugaba ba daga sama yake faɗowa ba. Fadawa da barade da hafsoshin tsohon ne ke zaɓensa, kuma a farkon mulkinsa ya fi kowane lokaci bukatar yardarsu. Inda suka gaji, kamar hafsoshin Fotugal, su za su tura shi ga sulhu. Inda yaƙin ke ciyar da su, mai neman sulhu yana wasa da ransa ne, kamar yadda Gajigi ya gani.

Na uku, me ɗaya ɓangaren ya tanadar wa magajin? Sakkwato ta karɓi ɗan Buhari, ba ta ce sai ta tumɓuke gidan Sambo ba. Da ta nace a kan ramuwa, da ta mayar da dukan Haɗejawa Buhari. Sulhu yana bukatar wanda aka zalunta ya ajiye wata hanya a buɗe, ba don ya yafe zaluncin ba, sai don ya raba mai laifi da waɗanda za su iya barinsa. Wannan shi ne mafi ɗaci a cikin ukun, domin wanda aka ƙone wa gari ba ya son jin sa.

Wannan ba tsohon zance ba ne ga Arewa. An kashe Muhammad Yusuf a Maiduguri a watan Yuli na 2009, abin da ya biyo baya ya fi na farko muni. Abubakar Shekau ya mutu a watan Mayu na 2021, dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya a watannin da suka biyo, amma wani ɓangaren ya ci gaba da kai hari a yankin Tafkin Chadi. A Zamfara an kashe Buharin Daji a 2018, an kashe Halilu Sububu a Satumban 2024, kowane lokaci aka yi murna, kowane lokaci kuma yaransu suka rarraba dajin a tsakaninsu. Inda kuɗin fansa da satar shanu da harajin ƙauyuka suka zama sana'a, lamarin ya fi kama da Ningi fiye da Haɗeja, kuma kawar da kai ɗaya ba ya rufe kasuwar.

Ba a ce mutum ɗaya ba shi da tasiri ba. Mutanen Katagum da na gabashin Kano da suka koma gonakinsu bayan 1863 sun san bambancin da kibiyar Gogaram ta kawo. Amma mai jiran mutuwar azzalumi, ko a Gyaɗi-Gyaɗi yake ko a wani gefen duniya, ya kamata ya duba waɗanda ke tsaye a bayan azzalumin, ya tambayi abin da za su samu da abin da za su rasa ranar da aka ce yaƙi ya ƙare. A Haɗeja sun sami sarautarsu, suka zauna. A Ningi sun ga za su rasa abincinsu, suka kashe sarki.